Kifin Layin Baya

Zornitsa tana cikin jirgin ƙasa, ta jingina kanta da gilashin taga, gonakin furanni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai Malama Kostadinova ta buga murfin piyano da tafin hannu. Jirgin ya ɓace. Ta tsinci kanta inda take tsaye tun ƙarfe takwas na safe, a layin baya na mawaƙan makaranta, can gefen hagu, bakinta a buɗe. Takalminta na dama har yanzu da danshin ruwan da Kaka ta watsa a gabanta a ƙofar gida, don ranar ta tafi mata sumul.

"Layin baya, hagu," in ji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Akwai wadda take jan mu ƙasa. Kun fara a nan." Ta ɗaga murfin ta taɓa maɓalli ɗaya na piyano. "Kun ƙare a nan." Ta taɓa na kusa da shi. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba, amma ta yamutsa fuska kamar ta tauna tsakuwa a cikin wake.

'Yan mata ashirin da biyu suka sunkuyar da kai. Kowa ya san yadda waƙar take. Na gaba su ne masu ɗagawa, su ke hawa da sauka, su murɗa murya, su yi ta ado, su ne kuma ake tafa wa. Na baya kuwa masu riƙo ne. Sauti ɗaya tak suke kamawa, su ja shi, su yi ta ja, ba hawa ba sauka, har waƙar ta dawo ta kwanta a kansa. Aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da mai riƙo ta nutse. Ran nan waƙar duka takan bi ta ƙasa, na gaba su yi ta mamakin abin da ya samu maƙogwaronsu.

Shekara huɗu Zornitsa tana riƙo, kuma babu abin da take ƙauna a duniya kamarsa. Da zarar sautin ya zauna mata a ƙirji, sai ƙirjin ya ci gaba da aikinsa, ita kuma ta tafi yawonta. Wani lokaci takan shiga tirelar babanta a titunan Jamus, ta zauna a gefensa ba tare da ya gan ta ba. Wani lokaci teku, wanda sau ɗaya ta taɓa gani. Tun da bazara ta shigo kuwa, jirgin Plovdiv ne kullum, inda babbar makarantar waƙa take, inda ta riga ta zaɓar wa kanta ɗaki da taga da itacen da ke bayan tagar, alhali ko takardar shiga ba ta samu ba.

Ita ce kuma shugabar mawaƙan a bana. Ba don murya aka zaɓe ta ba. Ita ce ke tuna wadda ke da jarrabawa, da wadda ke gaba da wa, da wadda ba ta karya ba ta fito. A wuyanta, a jikin jan zare, akwai ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu da ake bugawa a gwiwa a kai kunne a ɗauki sautin farawa. Malama tana kiransa da sunansa na littafi. 'Yan mata kuwa cokali suke ce masa, tun zamanin iyayensu. Shugaba ce ke riƙe shi shekara guda, ranar ashirin da huɗu ga Mayu kuma, bayan waƙar ƙarshe, ta cire shi a gaban jama'a ta rataya wa wadda ta zaɓa. Yau ce ranar.

"Ku je ku huta," in ji Malama. "Ƙarfe huɗu kowa ta kasance cikin kaya. Zornitsa, tsaya."

Malama Kostadinova 'yar siririya ce, da tabarau a rataye a wuya, kuma a garin nan an yarda cewa ko ƙuda ya yi tari a bayan aji sai ta faɗa maka ko ya sauka daga sauti. Ta jira ƙofa ta rufe, sannan ta ɗauko wani shuɗin fayil ta ɗora a kan piyano.

"Wasiƙarki ta Plovdiv ce. Na rubuta jiya, saura sa hannu. Na ce musu shekara ashirin ina koyarwa ban samu mai riƙo da kunne irin naki ba."

Ba a shiga makarantar nan daga gari irin nasu sai da wasiƙa, kuma Malama ba ta cika ba da wasiƙa ba.

"Kin dai san ni, ba na sa hannu a kan abin da kunnena bai shaida ba. Bayan an tashi zan sa, a gabanki." Ta ture fayil ɗin gefe. "Yanzu maganar layin baya. Ku biyu ne a kusurwar nan, ke da Ralitsa. Ba sai na faɗa ba."

"Malama, a dandamali ai ba ma nutsewa. Sai a gwaji."

"Na lura. Sa'a ce, ni kuwa na gaji da dogaro da sa'a. Ki ce mata yau ta zama kifi."

Kowace ƙungiyar waƙa tana da kifinta, sai dai ba a faɗa. Yarinya ce da za ta tsaya a layi cikin kaya, ta buɗe baki ta rufe daidai da kowa, amma ko iska kada ta fito. Malamai ba sa ɓata bakinsu da wannan saƙon. Aikin shugaba ne.

"Ƙawata ce, Malama."

"Shi ya sa zai fi sauƙi daga bakinki. Shugabanci ba rabon alewa ba ne." Ta maƙala tabarau. "Cokali kuma, na san zaɓinki ne, ba ni da ta cewa. Amma Bilyana ta layin gaba ta cancanta, kowa ya sani."

Waje rana ta fito fes. 'Yan ajinsu, masu gama makaranta, sun cika motoci, sun leƙo rabin jiki ta taga suna ƙirga shekarunsu na karatu da ƙarfi, daga ɗaya zuwa goma sha biyu, su yi ihu, su sake daga farko. Wani ya kira sunanta, ta ɗaga masa hannu ba ta ma gane shi ba. A kan bututun hayaƙin tsohon gidan burodi shamuwa biyu suna tsaye a sheƙarsu, ko a jikinsu. Ta sayi banitsa biyu masu zafi, gurasar nan mai cuku a ciki, don ba ta san yadda ake zuwa wa mutum da irin wannan magana hannu rabbana ba.

Ta san inda za ta samu Ralitsa. A ƙarƙashin dandamalin zauren gari akwai ɗan ɗakin da ake ajiye kayan gargajiya, mai warin kafur da tsohon ulu. Ralitsa tana aji ɗaya ƙasa da ita, maƙwabciyarta ce tun suna wasan ƙasa, gajera mai kumatu, mai bakin da ba ya hutawa. Ita ce ke guga, ita ce ke kitsa wa kowa gashi, kuma ba wanda ya taɓa sa ta.

"Ke Zori, wa ya mutu?"

"Babu."

"To wannan fuskar fa? Riƙe min nan." Ta miƙa mata bakin wata ɗamara, ta ja, ta bi ta da dutsen guga. Idonta ya kai kan takardar da ke naso da mai. "Banitsa har biyu, ba roƙo ba komai. Lallai abin babba ne."

"Malama ce ta aiko ni."

"Kifi," in ji Ralitsa.

Duk jawabin da Zornitsa ta tsara a hanya, mai farawa da cewa yau kaɗai ne, ya bi iska.

"Kada ki wahalar da kanki, shugaba. Ai ni tsohuwar kifi ce. Har ƙaya na yi. Saura a barbaɗa min gishiri a soya."

"Ban gane ba."

"Kin tuna Desislava, wadda ta riƙe cokali shekarar da na shigo? Wata biyu da zuwana ta tare ni a bayan gida, ta ce kusurwar hagu tana nutsewa, kuma ni ce sabuwa. Ba Malama ta aiko ta ba, ƙwazonta ne kawai. Tun ran nan ban ƙara fitar da ko tari ba a layin nan." Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta buɗe baki, ta kumbura wuya har jijiya ta fito, idanu a lumshe, kafaɗa tana motsi da numfashi. Babu abin da ya fito sai ƙarar tururin guga. "Kin gani? Na fi ku duka iyawa. Mamata har kuka take yi a zaure, wai muryata take ji a saman ta kowa."

Zornitsa ta so ta yi dariya, dariyar ta maƙale. Ƙwaƙwalwarta tana tafiya a hankali, kamar mai saukowa daga bene a duhu. Su biyu ne a kusurwar. Ɗaya ba ta waƙa.

"Shekara biyu," ta ce.

"Da wata bakwai."

"To wace ce..."

Ralitsa ta ɗauki banitsa ta gutsura, ta tauna, ta haɗiye, duk don kada ta amsa. Daga baya ta ce, "Ba kullum ba ne. Farko kina kamawa daidai, ko piyano sai haka. Sai kin tafi. Ina ganin lokacin da kike tafiya, idonki yakan yi kamar na mai kallon ruwa. Daga nan sai ki fara zamewa kaɗan-kaɗan."

"A dandamali fa? Ba ma nutsewa a dandamali."

"A dandamali akwai ɗamara."

Idan an sa kaya, masu riƙo sukan cusa yatsu a ɗamarar juna, dama da hagu, su tsaya kamar katanga ɗaya. Haka kakanni suka yi, haka ake yi. Zornitsa ta tuna ɗan jan nan da takan ji a ƙugunta na hagu a tsakiyar waƙa, sama kaɗan, kamar ana gyara mata zaman riga. Ta ɗauka rawar jikin Rali ce, wadda ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya. Sau nawa ma ta harare ta a kan haka.

"In na ja sai ki dawo," in ji Ralitsa. "Ki dawo, sautin ya dawo. A gwaji kuwa da wandon makaranta muke, ina zan kama? In ja miki gashi?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Wata ɗaya na yi ina kuka na yarda ni ce. Sai da na yi shiru sosai na fara jin kowa, na ji abin yana nan bai tafi ba, a kunnena na dama. In je in ce wa Desislava ba ni ba ce, Zori ce? Ke da kike waƙa kamar ana ba ki zuma a baki?" Ta kaɗe gari daga ƙirjinta. "Daga baya kuma na saba. Yanzu ko a banɗaki na buɗe baki sai in ji tsoro. Ban ma san ko akwai sauran wani abu a ciki ba."

Kunya ce ta rufe Zornitsa, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Ta ji tausayin Rali, ta ji haushinta, ta kuma ji tsoro, kuma tsoron ya fi sauran ƙarfi, don shuɗin fayil ne ya fara faɗo mata a rai kafin komai.

Ralitsa ta gani. Ba abin da ke wuce ta. "Ke, kada ki yi hauka. Ki je ki ce mata kin faɗa min, na yi kuka, na haƙura. Yau zan ja, a yi waƙa tas, ta sa miki hannu, ki tafi Plovdiv ɗinki. Can ma ki nemi mai ja." Ta tura mata ɗaya banitsar. "Ci. In kika sume a kaina ba zan iya ɗaukar ki ba."

Zornitsa ba ta koma makaranta ba. Ƙafafunta suka kai ta kasuwa, layin tsofaffi, inda Kaka Stoyanka ke zaune a kan akwati da kwandon ceri, ƙananan jajayen 'ya'yan itace, da ɗaurin albasa mai lawashi.

"Ga 'yar Plovdiv," in ji Kaka da ƙarfi, don maƙwabtan layi su ji, ko da yake babu wanda bai ji ba tun watan jiya. "Ki gaishe su da kyau, nan gaba sai a talabijin za su gan ki."

Zornitsa ta tsuguna a gefenta. "Kaka, ina nutsewa idan ina riƙo?"

Tsohuwar ta dube ta ta wutsiyar ido. "Sai yau aka faɗa miki?"

"Kin sani ke nan."

"Tun kina 'yar mitsitsiya. Gado ne, kada ki ɗauka wata gwaninta ce taki. Ni ma haka nake. A gonar taba in muka kama waƙa, jikina yana kan kunya, ni kuwa na kai Istambul." Ta zaɓi ceri biyu masu haɗe da juna ta rataya mata a kunne, kamar tana 'yar shekara biyar. "Ƙawata Ginka ce ke taka min ƙafa in na nutse, Allah ya jiƙanta. Shekara talatin. Dubi ɗan yatsan nan, bai ƙara miƙewa ba."

"Mutane sun sani?"

"Ina fa. Ni aka ba kyautar agogo a bikin gunduma. Ita ta riƙe min jaka." Kaka ta kori ƙudan zuma daga kwando. "Kullum ina cewa zan faɗa. Tun da aka binne ta ban ƙara waƙa a gaban mutane ba, aka ce baƙin ciki ne. Har da shi."

Wata mata ta tsaya tana taya albasa, Kaka ta juya gare ta da faɗa, maganar ta wuce. Zornitsa ta zauna a wurin har agogon coci ya buga uku, tana kallon duwatsun bayan gari da sauran ƙanƙara a kansu. Ta gwada kiran jirginta, ya zo, amma wannan karon kujerar da ke gefenta babu kowa, kuma ta kasa daina kallonta.

Ƙarfe biyar zaure ya cika. Rana tana shigowa ta manyan tagogin yamma, ƙura tana iyo a cikinta, ƙanshin furannin da yara suka kawo wa malamai ya cika wurin har yana sa barci. Mamar Zornitsa ta zo kai tsaye daga kamfanin ɗinki, da zare a jikin rigarta, ta ɗaga waya sama don baba ya gani daga inda ya faka tirela. A bayan labule Malama ta ɗaga wa Zornitsa gira, alamar tambayar ko an isar da saƙo. Zornitsa ta sunkuyar da kai, Malama kuma ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

Suka jeru. Zornitsa ta buga cokali a gwiwa, ta kai kunne, ta ba layi-layi sautinsu. Ta koma kusurwarta, ta cusa yatsu a ɗamarar Rali, Rali ta cusa nata.

Ta yi niyyar yau ba za ta je ko'ina ba. Ta kafa ido a kan agogon bango, ta riƙe sautin kamar mai riƙe da kwanon miya cike. Bilyana ta ɗaga a gaba, muryarta siririya mai haske, ta hau, ta sauko ta goga kafaɗa da sautin masu riƙo, har iska ta fara kaɗawa kamar ƙararrawar tumaki a kan dutse. Wannan kaɗawar ce ke ɗauke ta kullum. Agogon ya yi laushi. Bangon ya zama fili, filin ya zama gonar taba da ba ta taɓa gani ba, mata biyu sun sunkuya kusa da juna a cikin rana, ɗaya tana murmushi ido a lumshe, ɗayar tana kallon ƙafarta. Ta so ta matsa ta ga fuskar ta biyun.

Aka ja ɗamara.

Ta dawo. A karo na farko a rayuwarta ta ji abin nan da kunnenta: sautin yana ƙasa da inda ta bar shi, kamar hoton da ya karkace a bango, ta kuma ji shi yana komawa mazauninsa. Ta saci kallon hagu. Rali ta kumbura wuya, jijiya a tashe, tana zuba waƙa da dukan ƙarfinta, babu ko iska. Sau uku aka ja ɗamarar kafin a gama.

Zaure ya ɗauki tafi. Malama ta hau dandamali da shuɗin fayil a hammata da alƙalami a hannu, ta yafito Zornitsa gaba, ta tsaya kusa da ita, ta yi magana ta gefen baki tana yi wa jama'a murmushi. "Kin ji? Tas. Ba a taɓa yi min irin ta yau ba. Kin iya shugabanci."

Shugaban makaranta ya karanta takardar yabo, ya yi tuntuɓe a kan sunan mahaifinta, ya miƙa mata. An rubuta cewa ta jagoranci 'yan uwanta da kunne mai kyau da zuciya mai gaskiya. Kaka ta miƙe tsaye a layi na uku tana nuna wa mutane ita da yatsa. Sannan aka yi shiru, don kowa ya san abin da ya rage. A layin gaba Bilyana ta gyara tsayuwa, ta ɗan janye kitsonta daga wuya.

Zornitsa ta cire jan zaren ta kai. Ƙarfen da ɗumi, ɗumin jikinta na shekara guda. Daga inda take zuwa Bilyana taku biyu ne. Ta kalli alƙalamin da ke hannun Malama, an riga an cire masa murfi.

"Malama," ta ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji, "ban faɗa mata ba. Ba ta buƙata. Shekara biyu da wata bakwai ba ta fitar da sauti ba a layin nan. Ni ce ke nutsewa. Ita ce ke ɗago ni da ɗamara."

Murmushin Malama bai gushe ba, don jama'a suna kallo, amma ya daskare. Idonta ya tafi kusurwar hagu, ya dawo. Mace ce da ba a taɓa ce wa kunnenta ya yi kuskure ba. Ta mayar wa alƙalami murfinsa, 'yar ƙarar da ya yi kuwa Zornitsa ta ji ta har cikin haƙoranta.

Zornitsa ta ratsa ta tsakanin layuka, ta wuce Bilyana, ta wuce layi na biyu. Aka fara ƙus-ƙus. Da ta tsaya a gaban Rali, kumatun nan sun yi fari fat.

"Kin haukace," in ji Ralitsa ba tare da ta motsa leɓe ba. "Zori, wasiƙarki."

"Sunkuyo da kai."

"Ba zan iya ba. Kin manta abin da ake yi?"

Ba ta manta ba. Wadda aka rataya wa cokali ba ta sauka haka nan. Sai ta buga shi, ta kai kunne, ta fitar da sautin ita kaɗai a gaban zaure, sannan sauran su kama, a yi waƙar sallama. Zornitsa ta rataya mata zaren, ta kamo hannunta ta jawo ta gaba, ta tsaya a gefenta na dama, inda ta saba tsayawa.

Ralitsa ta buga ƙarfen a gwiwa, bai yi amo ba sai da ta sake. Ta kai kunne. Ta daɗe a haka, ta daɗe har wani yaro ya yi dariya a baya aka kwaɓe shi. Can a tsakiyar zaure mamarta ta riga ta fara share hawaye. Ralitsa ta buɗe baki, da farko babu komai, kamar kullum. Sai wani abu ya fito, ƙarami, a dushe, kamar ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Yana kusa da sautin, amma yana ƙasa da shi da faɗin gashi, kuma yana rawa yana neman faɗuwa.

Zornitsa ta ji shi sarai. Ba ta je ko'ina ba. Ta cusa yatsunta a ɗamarar Rali, ta ja sama kaɗan.

Sautin ya hau ya zauna. Layin baya suka kama, sannan na tsakiya. Malama Kostadinova tana tsaye da fayil a hammata, ta karkatar da kai gefe tana saurare, ta daɗe ba ta ɗaga hannu ba, kafin ta ba na gaba alamar su shiga.